Turbon da Muka Ji Kunyar Dubawa

Maryam, Zulai, da ke Hassana da kike damuna da saƙo wai in ba ku labarin Damagaram, ga shi na rubuta. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na fara faɗa da baki sai ku zuba mini ido. Kun ɗauka yawon buɗe ido na je. Wani ƙarfe muka je saya, kuma ƙarfen nan ya kusa halaka ni da rana tsaka a kan hanyar Gaya zuwa Ajingi. Har yau in injin markaɗen maƙwabtanmu ya ɗaga murya sai in tashi in bar wurin.

Kun san motar Baba, mai bodin katako, wadda ke tsayawa gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Ita ke ciyar da mu. Da kaka ita ke kwaso gyaɗa da dawa daga Toranke da Gafasa ta kai kasuwa, abin da ta samo a 'yan makonnin nan shi muke lallaɓawa har shekara ta zagayo. Tun da ciwon sukari ya taɓa ƙafar Baba, Yaya Nafi'u ne ke tuƙa ta. To ana gab da fara cirar gyaɗa sai ta daina ja. In an yi mata lodi ta shiga yashin hanyar Gafasa, sai baƙin hayaƙi da kuka, ba ta gaba. Oga Sale, bakanikenmu na Gaya, ya ce turbo ne ya gaji. Turbo wani ƙarfe ne mai kamar dodon koɗi, girman ƙaramar tukunya, da fanka a cikinsa da ke tura iska cikin inji don ya yi ƙarfi. Sabo ba namu ba ne, sai na hannu, wanda ake cewa Beljiyam. Yaya ya zaga Kano bai sami wanda ya kwanta masa ba. Sai Baba ya tuna da amininsa Alhaji Idi, ɗan Gafasa da suka yi karen mota tare tun suna samari, wanda yanzu yake zaune a Damagaram yana saukar da baƙi masu sayen kayan mota.

Ni kuma abin da ya sa aka haɗa da ni, wayata ce mai ɗaukar hoto, kuma ni ce mai iya karanta lambobin jikin ƙarfe ba tare da na juya su ba. Umma ba ta so ba. Baba ya ce ai da yayanta za ta, kuma gidan Idi gidansa ne.

Kafin mu tashi Baba ya sa aka ajiye tsohon turbon a kan tabarma gabansa, ya zaunar da ni kamar mai biya karatun allo.

"Sa'a, ba ni yatsanki. Sa shi nan, kama tsakiyar fankar. Girgiza ta gefe da gefe. Kin ji tana ƙwas-ƙwas? Wannan ya mutu ke nan. Mai lafiya ɗan motsi kaɗan zai yi. Yanzu ja ta waje ki tura ta ciki. In ta motsa ko kaɗan, ki ajiye musu kayansu, ko da kyauta suka ba ki."

Ya nuna mini yadda zan juya fankar in saurara ko tana gogar bango, in duba fukafukanta ko akwai wanda ya gutsure, in zura yatsa ta bakin da iska ke fita in ga ko zai fito da baƙin mai. Ya ce in haska bayansa inda wuta ke bi in nemi tsagewa. Ya ce lambar da ke kan ɗan farantin jikinsa ta zama daidai da ta namu.

"Kuma duk wanda kika ga an yi masa sabon fenti, ki ninka dubawa. Ƙarfe mai gaskiya ba ya buƙatar kwalliya."

Na maimaita masa har ya gamsu. Ku riƙe wannan, don za ku ji abin da mutumin da ya koya mini ya ce daga baya.

Muka hau bas daga Ajingi zuwa Kano, tsohon turbon cikin buhu a kan cinyata don a gwada da shi. Daga Kano muka shiga motar Daura. Kusa da ni wata Hajiya ce mai sayar da turaren wuta, mai jiki, mai surutu, tun kafin Kazaure ta san sunan kakata. Ta yi ta taɓa buhun tana tambaya ko turmi ne na kai wa amarya. Ashe sauran baƙin man da ke cikinsa yana ta ɗiga, ya ratsa buhun, ya ɓata mini farin hijabina, ya gangara kan jakarta. Da ta gani sai ta saki salati har direba ya taka birki.

"Ke 'yar nan! Turarena na Maiduguri kika jiƙa da man gareji? Wace amarya ce za ta turara ɗakinta ya riƙa warin tasha?"

Yaya ya yi ta ba ta haƙuri. Kafin mu kai Daura kuma ta huce har ta ba ni dabino.

A Kwangwalam, bakin iyaka, kowa ya sauka da kayansa. Wani mai kaki ya nuna buhuna ya ce in buɗe. Da ya leƙa ya ga baƙin ƙarfe mai baki biyu sai ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa, suka tsaya daga nesa suna magana da Faransanci suna kallona. Na ce shi ke nan, an ɗauke ni mai ɗauke da abin fashewa. Allah ya kawo wani tsohon direba, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya hura fankar da baki ta juya, ya ce musu na kamiyo ne, wato babbar mota. Suka yi dariya suka ce mu wuce. Ni ban yi dariya ba sai da muka bar Matamai.

Damagaram gari ne mai duwatsu manya-manya a tsakiyar unguwa, gidaje na jingine da su. Hausa suke yi kamar mu, sai dai kalma uku in sun faɗa ta huɗu Faransanci ce. Abin da ya fi ba ni mamaki mata a kan babur. Ba goyo ba, su ke tuƙawa, da hijabinsu da jakarsu, har da tsofaffi. Na tuna yadda aka yi wata guda ana maganar Zulai a Ajingi don ta hau keken ƙaninta. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, sai ka yi kokawa da shi. Shayi kuma a ɗan kofin gilashi kamar murfin kwalba, mai ɗaci, kuma zagaye uku ake yi, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Da rana ta take sai kowa ya rufe shago ya tafi ya kwanta, ko da mai saye na tsaye a ƙofa.

Ba zan ɓoye alheri ba. Alhaji Idi ya karɓe mu kamar 'ya'yan cikinsa. Dogo ne, fari, mai yawan dariya. Ya rungume Yaya har da ƙwalla, yana cewa kamar Baba ne ya dawo saurayi. Matarsa Hajiya Rakiya ta karɓi hijabina ta wanke shi da kanta, ta ba ni nata. Aka yanka mana zabi. Aka kawo kilishin da ban taɓa cin irinsa ba, da fura mai sanyi. Duk loma sai Alhaji ya tuna wani abu: yadda Baba ya taɓa goya shi daga Toranke ranar da kunama ta harbe shi, yadda suka kwana uku a daji da karyayyen aksul. Yaya sai sunkuyar da kai yake yana murmushi. Ni ma na ji daɗi. Ban san kowace loma ɗaure mana hannu take yi ba.

Ga yadda abin yake a can. Baƙo ba ya shiga kasuwa shi kaɗai. Mai masaukinsa ne ke kai shi, shi ke zaɓa, shi ke ciniki, shi ne shaida. Kai naka ka tsaya a bayansa ka ce madalla.

Da safe Alhaji ya kai mu inda ake sayar da kayan manyan motoci. Injina a jere a ƙasa kamar shanu a kara, ko'ina baƙin mai. Ina ta hango turbo iri-iri a rumfuna, masu tsatsa, bakinsu a buɗe, wasu masu saye na tsugune suna zura yatsa yadda Baba ya koya mini. Mu ba mu tsaya ko'ina ba. Kai tsaye rumfar wani Laminu muka je, wanda daga baya na ji ashe ƙanin Hajiya Rakiya ne. Ya shiga ciki ya fito da turbo a rungume kamar jariri. Yana ƙyalli. An fesa masa fenti ruwan azurfa har kan ɗan farantin lamba, kuma an rufe bakunansa duka da baƙar leda an ɗaure da robar tayar keke.

Na tsuguna na kankare farantin da farce. Lambar ba ta yi daidai da tamu ba. Na faɗa wa Yaya a hankali, amma Alhaji ya ji.

"Ai da gangan ne, 'yata. Wannan na motar da ta fi taku girma ne. Ƙafarsa ɗaya da naku, zai zauna daram, amma ƙarfinsa ya ninka. Nafi'u, in ka ɗaura wannan, yashin Gafasa sai dai ya gaishe ka."

Idon Yaya ya kawo haske. Shi dama burinsa ke nan, ya wuce sauran direbobi a hawa da cikakken lodi.

Na ce, "Baba Alhaji, Baba ya ce in sa yatsa in taɓa fankar."

Na kai hannu kan robar. Yaya ya buge mini hannu. A gaban mutane. Laminu ya kau da kai yana wani murmushi. Sai Alhaji ya fashe da dariya.

"Kai, jinin Kano! Ba ta yarda da kowa ba. Laminu, kwance mata. Kwance duka, ta duba har ta gaji."

Wallahi na ɗauka an gama. Har na gyara tsugunno. Sai na ji Yaya ya dafe ledar da tafin hannunsa.

"Haba Alhaji. Wallahi ba za a kwance ba. Abin da ka sa wa hannu? In aka kwance ledar nan ai ni na zagi Baba."

"A'a, a kwance dai, hankalin yarinya ya kwanta."

"Na rantse ba za a kwance ba. Yarinta ce, ka yi haƙuri."

Suka yi ta jayayya, wannan na a kwance, wannan na rantsuwa, kuma duk tsawon lokacin Laminu bai ko motsa yatsa wajen robar ba. A nan na gane. Tayin ba don a karɓa aka yi shi ba. An yi shi ne don Yaya ya ƙi, kowa ya fita da mutuncinsa. Ni kaɗai ce sakarar da ta ɗauka da gaske ake. Hoton da na samu na tura wa Baba shi ne na Alhaji riƙe da turbon yana dariya, leda a ɗaure.

Da muka koma gida na zaga bayan ɗakin girki na kira Baba. Na faɗa masa komai: fenti, lamba, leda. Sai ya ce, "Idi ne ya zaɓa da hannunsa?"

Na ce shi ne.

"To shi ke nan, Sa'a. Kada ki ƙara tayar da maganar. Kina cin abincin mutum."

"Baba, kai ka ce ko da kyauta..."

"Na ce shi ke nan."

To don me aka koya mini? Don me aka ɗauko ni daga Ajingi, na ɓata hijabi, aka kusa kama ni a bakin iyaka? In hoton Alhaji ake so ai da sai a ce ya turo.

Ranar dawowa Hajiya ta cika mana jaka da kilishi, Alhaji kuma ya ba da wani matashin fata mai kauri, aikin dukawan garin, ya ce a kai wa Baba ya riƙa ɗora ƙafarsa. A bakin iyaka wannan karon ba wanda ya tsorata, turbo na ƙyalli, har wani ya ce mun yi dace.

A garejin Oga Sale a Gaya ne aka fara kwance ledar. Ya tambayi Yaya ko an duba. Yaya ya ce daga hannun aminin Baba yake. Na ce, "Oga, ba a duba ba." Yaya ya harare ni. Oga Sale ya zura yatsa ya girgiza, ya fito da yatsan ya kalla. Wani giris ne mai kauri kamar man shanu daskararre.

"Wa ke cusa giris a nan? Wannan ai zai riƙe fankar ta ƙi motsi ko da ta lalace. Nafi'u, bar mini shi in wanke in buɗe cikinsa."

Amma manoman Toranke sun riga sun yi ta kira, buhunansu na jibge a gona, wasu har sun fara maganar neman wata mota. Yaya ya ce a ɗaura kawai. Oga Sale ya ɗaga kafaɗa ya ce motarku ce. Mutum na uku ke nan da ya san daidai ya yi shiru.

Aka ɗaura. Da aka tayar, motar ta yi wani kuka mai daɗi, da ɗan fito siriri. Muka kama hanyar gida bayan azahar, ni a gaba ina zaune kan matashin fatar saboda kujerar ta huje. Yaya sai taka ta yake yana dukan sitiyari.

"Kin ji ko, malama mai yatsa? Kin ji ƙarfi?"

Har na fara jin kunyar kaina.

Mun yi nisa, wajen wata gona da aka girbe, sai fiton nan ya koma ƙara. Injin ya ɗaga murya shi kaɗai. Yaya ya ɗauke ƙafarsa daga totur, murya ta ƙaru. Ya murɗa makulli ya zare shi gaba ɗaya, ya riƙe a hannu, injin bai ko lura ba. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kamar ƙarfe na ihu. Farin hayaƙi ya rufe hanya, ba na ganin komai a madubi. Daga baya Oga Sale ya yi mini bayani: turbon ya saki baƙin mai cikin hanyar iska, injin ya koma shan man jikinsa maimakon gas, kuma in ya fara haka ba makullin da zai kashe shi, sai ya shanye ko ya tarwatse.

Yaya ya karkatar da mu cikin gonar. Ya sa babbar giya ya danne birki don ya shaƙe ta, sai warin kuloci ya cika gidan gaba, motar na tsalle a wuri ɗaya. Yana yi mini tsawa in fita. Ƙofar gefena da waya ake buɗe ta, wayar ta tsinke a hannuna. Ina jin ƙasan motar na zafi ta cikin takalmina, ina ta kalmar shahada ban ma jin muryata. Yaya ya fizge matashin daga ƙarƙashina ya dire. Wata Bafulatana mai tallan nono, wadda ban san daga ina ta fito ba, ita ta hawo ta ƙofar direba ta kama ni ta wuyan hijabi ta jawo ni ƙasa kamar buhu, tana cewa, "Taso, ɓingel, taso yarinya!" Ƙwaryarta ta kife, nonon ya malale a ƙasa.

Daga inda ta yar da ni na hango Yaya ya haye bayan gidan gaba, inda bututun shan iska yake. Ya cire hular bututun ya danna matashin a bakinsa, ya kwanta a kai da ƙirjinsa. Injin ya yi ta fizga, hayaƙi ya lulluɓe shi har na daina ganinsa. Na ce yayana ya tafi. Sannan ƙarar ta fara sauka, ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar an jefa guduma cikin tukunya, ta mutu.

Ya sauko hannunsa duk ya sale inda ya dafa salansa. Ya zauna a ƙasa kusa da ni. Bafulatanar ce kawai ke ta faɗa wai mun kore mata shanu, kuma wa zai biya ta nono.

Janyo motar aka yi zuwa Gaya. Da Oga Sale ya buɗe injin, fistin biyu sun narke, kan injin ya tsage. Da ya wanke turbon ya ba ni na sa yatsa. Fankar tana rawa gefe da gefe, tana shiga tana fita, ta fi tsohon namu lalacewa. Abin da zan gane cikin ƙiftawar ido a rumfar Laminu. Motar tana can har yanzu a kan duwatsu. Gyaɗar Toranke motocin wasu ne suka kwashe, ina jin wucewarsu ta ƙofar gidanmu.

Ko Alhaji ya sani? Wallahi ban sani ba. Wataƙila shi ma kunyar ƙanin matarsa ya ji bai duba ba. In haka ne, to daga Damagaram har Gaya ba wanda ya duba, kowa na tsare mutuncin wani, ni da Yaya muka kusa ƙonewa a gonar mutane.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da Alhaji ya kira ya tambayi yadda muka iso. Ina zaune ina shafa wa Yaya magani na ji Baba na cewa, "Lafiya lau, Idi. Mota ta ɗan sami matsala, ƙaddara ce. Yara sun ba ni labarin hidima, Allah ya bar zumunci." Ya ajiye waya ya ce a auna buhun gyaɗa daga ɗan abin da muka noma a aika wa Idi na godiya. Kuma ni aka sa in cika buhun in ɗinke, tun da hannun Yaya na naɗe.

Na cika shi rabi. Na je zaure na ɗauko turbon Damagaram da muka dawo da shi daga garejin Oga Sale, na rufe bakunansa da baƙar leda, na ɗaure da robar tayar keke yadda aka ba mu shi, na zaunar da shi a tsakiya, na ƙarasa cikawa da gyaɗa na ɗinke. Mai ɗaukar kaya ya ce gyaɗar bana akwai nauyi. Na ce ƙwarai.

Tun ranar ba na barcin kirki, duk wayar da ta yi ƙara sai in kasa kunne. Shekaranjiya Alhaji ya kira. Baba ya sa shi a sifika yana murmushi. Alhaji ya ce saƙo ya iso, an gode, komai da komai ya iso. Sannan ya ce, "Ka gaishe mini da 'yar nan tawa. Ka ce mata na kwance."

Baba ya juyo ya kalle ni. "Me ya kwance?"

Na ce, "Buhun mana, Baba."